Kaza Ce Ko Zakara, Kuma Ina Za Su Kwana?

A wannan mako maganar kaji na kawo muku. Na san wata za ta ce, ashe har kiwon kaji ma sai an koya wa mace a jarida? To, 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Kiwon da kakanninmu suka yi a ƙauye, inda kaza ke fita da safe ta yi tono a juji da bayan danga ta komo da almuru, daban ya ke da wanda mu ke yi a Unguwar Shanu ko Badarawa ko Hayin Banki, cikin gidan haya mai ɗaki takwas, da tsakar gida wadda tabarma uku ke rufewa. A ƙauye kaza ita ke ci da kanta. A nan Kaduna kuwa, duk ƙwayar tsabar da ta shiga bakinta daga kuɗin cefane ta fito. Saboda haka ya wajaba mace ta san abin da ta ke ciyarwa, mai ƙwai ce ko mai cara.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Da ta ɗauki adashi sai ta yi shawara ta sayi 'yan tsaki, in sun girma ta riƙa kai wa masu shayi ƙwai, ta sami na littafi da fensir. Ta gamu da wani yaro a bakin titi da kwali cike da 'yan tsaki farare tas, ga su da araha ƙwarai, ta sayi 30. Ta yi musu hidima irin wadda a ke yi wa jariri, har da tashi tsakar dare ta gyara musu wuta. Guda 26 suka rayu. Da suka kai mako 7 sai zankayensu suka yi jawur gaba ɗaya, ba a ware ko ɗaya ba. Da wata 4 ya cika, asuba ta gari sai gidan ya ɗauki cara. Ta sayar da su, ga su ba nama, ga shi ba lokacin Salla ba, da ƙyar ta mai da kuɗin dusa.

Ba sammu aka yi mata ba, kuma ba rashin sa'a ba ne. Yawancin 'yan tsakin gidan gona da a ke sayarwa a garin nan daga manyan wuraren ƙyanƙyasa na wajen Ibadan a ke kawo su cikin mota, suna 'yan kwana ɗaya. A can, kajin da a ke yi don ƙwai tun ranar da suka fito daga ɓawo a ke raba su, mata waje guda, maza waje guda. Matan su ne masu tsada, masu gidajen gona ke saye. Mazan kuwa ba su ƙwai, ba su kuma yin ƙiba da sauri kamar kajin nama, don haka a ke zubar da su da araha, su bi hannu hannu har su iso kwalin yaron nan. Wani lokaci har rina su a ke yi da kore ko shuɗi don yara su yi sha'awa. A Jamus ma da can kashe irin waɗannan mazan a ke yi ranar da aka ƙyanƙyashe su, sai a farkon 2022 doka ta hana.

To, yaya su ke raba su tun suna kwana ɗaya? Masu haɗa irin ne suka shirya abin yadda launi zai nuna. A cikin jajayen kajin ƙwai, irin su ISA Brown, mace takan fito ja-ja ko ruwan ƙasa, namiji kuwa fari ko ruwan ƙwai mai haske. A cikin baƙaƙen kuma, mace baƙa ce ƙirin, namiji yana da ɗigon fari a tsakar ka, in ya girma ya zama wake-wake. Ke nan in aka miƙo miki farin ɗan tsako aka ce ɗan jar kazar ƙwai ne, to, zakara a ke miƙo miki. Wannan kaɗai da maƙwabciyata ta sani da adashinta ya tsira. Amma fa ki lura, wannan ƙa'ida ta haihuwar farko ce daga gidan ƙyanƙyasa. In jar kazarki ta yi ƙwai a gida da zakaran unguwa, launin 'ya'yanta ba ya gaya miki kome. Haka nan kajin nama, da irin su Noiler, yawanci a gauraye a ke sayar da su, maza da mata.

Akwai kuma wata hanya da masana a Japan suka fito da ita a shekarun 1920, watau a buɗe duburar ɗan tsako a duba wani ɗan ƙullutu da bai kai kan allura ba. Masu wannan aiki sai sun yi wata da watanni suna koyo. Ina roƙonku kada wata ta gwada a gida, don matsi kaɗan ke fitar da hanjin ɗan tsako.

Kajinmu na gida fa, da shazumama da fingi da durgu da sauransu? Nan kam ba abin da ke aiki sai haƙuri da ido. A kwanakin farko ba mai iya gaya miki gaskiya. Na sha jin ana cewa dogon ƙwai mai tsini zakara ke ciki, mai kewaye kuwa kaza. Na ga kuma masu riƙe ɗan tsako ta ƙafa su juya shi ƙasa, wai in ya ɗago kai namiji ne, in ya saki jiki mace ce. Wasu allura su ke ratayawa a zare bisa kansa. Duk waɗannan canki-canki ne. Tun da abu biyu ne kawai, ko namiji ko mace, mai canka zai dace a rabin lokaci, ya riƙe inda ya dace yana ba da labari, ya manta inda ya kuskure. Siffar ƙwai ta kazar da ta saka shi ce, mai yin dogo kullum dogo ta ke yi.

Alama ta fari ta gaskiya tana zuwa tsakanin mako 4 da mako 6. Ki dubi zanko, da leɓar da ke ƙarƙashin baki. Na namiji kan riga girma, ya yi ja tun da wuri. Na mace yakan tsaya ƙarami, fari-fari ko ruwan ɗorawa, ba ya yin ja sosai sai ta kusa fara ƙwai. Amma ki gwada ɗan tsako da 'yan'uwansa na kwanci ɗaya, kada ki gwada shi da na maƙwabta, domin wani iri zankonsa babba ne, wani ƙarami. Ki dubi ƙafa kuma, ta namiji ta fi kauri da tsawo. Ga shi da miƙe wuya da son gaba da gaba, in kin tafa hannu 'yan matan su laɓe, shi ya tsaya yana kallonki. Wannan na hali ba a rantsuwa a kansa, don akwai 'yan mata masu tsiwa a cikin kaji kamar yadda a ke da su a ajina.

Alamar da na fi amincewa da ita sai wajen wata 3 ta ke bayyana, ita ce gashi. Ki kama shi, ki dubi gashin gadon baya, daidai inda wutsiya ta fara. Ki zura 'yar farar takarda ƙarƙashin gashin don ki ga bakinsa sosai. In sirara ne masu tsini da ƙyalli, suna zubowa gefe, to, zakara ne ba shakka. In bakinsu a kewaye ya ke kamar farcen yatsa, kaza ce. Gashin wuya ma haka ya ke. Daga baya na wutsiyar namiji ya lanƙwaso kamar lauje. Ƙaimi kuwa kada ya ruɗe ki, maza da mata duka suna da ɗan tsironsa a ƙafa, har tsohuwar kaza takan fid da shi. Cara tana zuwa a wata 4 zuwa 5, amma wadda ta jira cara ta riga ta biya kuɗin makaranta. Ko carar ma, jefi-jefi a kan sami tsohuwar kaza ta yi, har wasu su camfa ta su yanke. Ba wani abin tsoro ba ne, yawanci mahaifar ƙwanta ce ta sami ciwo, sai jikinta ya soma ɗaukar halin maza.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai wanda har yau ina tuna shi in na ji ana gori. A cikin kaji da sauran tsuntsaye, daga wajen uwa ne a ke samun abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace. A cikin 'yan Adam kuwa akasin haka ne. Uwa iri ɗaya ta ke bayarwa kullum, wanda masana ke kira X, uba ne ke kawo ko X a sami mace, ko Y a sami namiji. Allah ne mai bayarwa, amma sababin da Ya sanya ta wajen uba ya biyo. Saboda haka in dangin miji suka tasa ki gaba wai 'ya'ya mata ki ke jerawa, kaza ya kamata su je su yi wa wannan magana, ita ce abin ke hannunta.

Ga wadda ba ta son wahalar rainon 'yan tsaki, shawarata ita ce ta sayi sagara, watau budurwar kaza da ta kusa fara ƙwai. Ta fi tsada, amma kin ga abin da ki ka saya. Kawo ta daɗe da suna wajen cin kasuwar Talata, inda mutanen ƙauye ke shigo da kaji, akwai kuma masu kaji a sauran kasuwanni. Sai dai a nan ma da wayo, don a kan haɗa da tsofaffin da suka gama ƙwai. Sagara ƙafarta sumul ta ke, zankonta ya fara ja, idonta garau. Tsohuwa kuwa ɓawon ƙafarta ya yi kaushi ya ɗaɗɗago. Ki juya ta ki laluba ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen dubura. In yatsa biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, tana ƙwai ko tana dab da farawa. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, ko dai ba ta kai ba, ko ta daina. Kazar gida takan fara a wajen wata 6, ta yi 10 zuwa 15 ta kwanta, a shekara ba ta cika wuce 60 ba. Ta gidan gona takan fara a mako 18 zuwa 20, kuma in ta sami abinci mai kyau tana kusantar 300 a shekara, amma ita ba ta yafe yunwa ko ta yini ɗaya, ba ta kuma cika yin kwanci ba. Nan kusa da mu, cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fid da nata irin mai suna ShikaBrown, wanda aka yi shi don ya jure yanayin ƙasarmu.

Wani abu da mata da yawa ba su yarda da shi ba in na faɗa: kaza ba ta bukatar zakara kafin ta yi ƙwai. Aikinsa kawai shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe. In ƙwan ci da na sayarwa ki ke so, ajiye zakara asarar dusa ce, ga tsokanar faɗa da mai ɗakin kusa da ya dawo daga aikin dare. In kuwa 'yan tsaki ki ke so, guda ɗaya ya ishi kaji 10. Biyu a ƙaramin gida sai zub da jini, su kuma fige bayan kajin. Sauran mazan a ware su a turka su don Salla ko suna.

Yanzu sai makwanci, kuma nan ne na fi ganin sakaci. Akurkin laka irin na da, mai 'yar ƙofa da a ke toshewa da dutse, yana da kirkinsa, akwai sanyi da rani, ga shi ba kuɗi. Amma iska ba ta ratsa shi, tsintsiya ba ta shiga ƙuryarsa, kuma cikin tsagar lakar nan ƙuma da kaskar kaji ke ɓuya da rana su fito da dare su sha jini. Wasu kuwa ko akurkin babu, sai madafa, ko ƙarƙashin gado, ko bayan randa. Wannan kam ina roƙonku da girman Allah a daina. A watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji a Jaji, kan hanyarmu ta Zariya, aka fara tabbatar da muguwar murar tsuntsaye a duk nahiyar Afirka. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, ta kuma sake ɓarkewa a ƙasar nan a 2015 da 2021. Ba kasafai ta ke kama mutum ba, amma in ta kama ba ta wasa. Ko ba ita ba ma, kashin kaji a inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki, gudawa ce a ke kira.

Ɗakin da zai ishi kaji 6, in suna fitowa da rana, shi ne mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6. In kulle za su zauna dare da rana, sai a ƙara musu ɗan fili na raga a gaba wanda ya kai haka ko ya fi. Ba sai an sayi sabon kaya ba, tsohon kwano da guntayen katako na Panteka sun isa, kafinta ya haɗa a yini ɗaya. A ɗaga shi bisa ƙafafu kamar ƙafa 2 daga ƙasa. Mu da mu ke garin nan mun san ruwan Agusta da Satumba, kuma mutanen Rafin Guza da Titin Kigo ba su manta yadda kogin Kaduna ya shigo gidaje a 2003 da 2012 ba. Ko inda kogi ba ya kaiwa, kwata kan cika ta malalo tsakar gida, kaza kuwa ta fi jure sanyi da ta jure laima. Ɗagawar nan tana kuma hana ɓera da gafiya yin rami a ƙasa.

Ki lura da inda ɗakin zai fuskanta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, hadarin farkon damina kuma yawanci daga gabas ya ke tasowa, rana mai zafi ta la'asar tana yamma. Ke nan gabas da arewa a rufe su da katako, ƙofa da raga su dubi kudu. A bar tazara ta raga a sama ƙarƙashin rufi don iska ta fita, ko da hunturu kada a toshe ta, buhu kawai a ke sakawa a gefe da dare. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, wadda yatsa ba ya shiga, don mai manyan idanu kaza kawai ta ke tsarewa, ɓera da maciji su wuce abinsu. Da bazara, a Maris da Afrilu, kwano kan zama tanda, sai a shimfiɗa zana ko ciyawa a bisansa. In kin ga kaji sun buɗe baki sun saki fiffike, zafi ne, a ƙara ruwa a inuwa. Ga gwaji mai sauƙi: da sassafe ki sa kanki cikin ɗakin. In zarni ya sa idonki yaji, to, su da suka kwana ciki fa?

A ciki a gitta gora ko sanda mai kaurin muciya, kowace kaza ta sami ɗani ɗaya, domin kaza a sama ta ke son kwana. A lungu mai duhu a sa tsohon kwando ko fasasshiyar tukunya da ciyawa, ɗaya ta ishi kaji 4 yin ƙwai. A ƙasa a zuba dusar katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a kwashe in ya jiƙe. Kada ki zubar a kwata, ki tara a buhu, masu lambu na bakin kogi suna nemansa. A tsakar gida kuma a ajiye musu kasko na toka da yashi su yi birgima, maganin ƙwarƙwata ke nan. Ɗakin ya yi nisa da rijiya da murhu iyakar yadda gidan ya ba da hali. Kuma tun kafin kafinta ya buga ƙusa, ki yi magana da mai gida da sauran matan haya. Ƙwai biyu-biyu da za ki riƙa aika musu jefi-jefi sun fi kowace ƙofa tsare kaji.

Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa, kuma shirwar Kaduna ba ta san birni ba ne. Kowa ta ga kaza ta yi kwanci kwana 21, ta fito da 10, bayan wata guda saura 4. A rufe uwa da 'ya'yanta a babban kwando ko keji har mako 5 ko 6, a ba su tsaki da dusa da gara in an samu, ruwa kuma a faifan murfi mara zurfi da 'yan duwatsu a ciki don kada su nutse. Na gidan gona da ba su da uwa, wuta su ke so. In sun dunƙule a jikin fitila, sanyi su ke ji, in sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Mai sa kaskon gawayi ta bar kafar iska, ta kuma tsare shi yadda ba zai kife kan ƙaiƙayi ba.

Saura babbar annoba, wadda ke share akurki da hunturu, wasu na ce mata fakat, wasu farin kashi. Kaza ta yi tsuru, ta riƙa zawo fari da kore, numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiranta da sunan Newcastle, wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926. Ba ta da magani in ta shiga, barkono da maɗaci da ƙwayar ja-da-yalo duk ɓata kuɗi ne. Yawanci sabuwar kaza ce ke shigo da ita daga kasuwa, ko ta kyautar biki, don haka duk baƙuwa a ware ta mako 2 kafin ta haɗu da na gida. Wadda ta mutu da ciwo a binne ta da zurfi, kada a yi saurin sa mata wuƙa don a ci, kada kuma a jefa a bola. In suka fara faɗuwa da yawa rana ɗaya, a sanar da asibitin dabbobi.

Amma tana da rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin sa, har da wani iri mai ɗan jure zafi da a ke ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya ga kowace kaza, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwa ba ta kwana. Saboda haka matan layi ɗaya su haɗa kuɗi, a tambayi ma'aikacin dabbobi, a sa rana guda da sassafe, kowa ta bar nata a kulle har a zo. Watan Oktoba ya fi dacewa da na farko, da ɗaukewar ruwa, tun iska ba ta juyo ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.